Laifukan da ake wa yara: Tsakanin faɗakarwa da firgita jama'a

Duk mahaifin da ke zaune a Sama Road, ko Mabera, ko Arkilla, ko wata unguwa a birnin Sakkwato, in dai yana riƙe da babbar waya, ya san irin saƙon nan. Murya ce ta WhatsApp, babu sunan mai magana, babu rana, babu sunan unguwa. Mai maganar yana haki, yana cewa an ga wata mota mai baƙin gilashi tana kwasar yara a bakin makaranta, kowa ya tura wa na kusa da shi don Allah. Wani lokaci har da bidiyon da ba a san inda aka ɗauke shi ba.

Kafin Azahar saƙon ya zagaye zauren iyayen yara na makaranta, da na dangi, da na masallacin unguwa. Kafin La'asar wani shafin Facebook mai kiran kansa jarida ya mayar da shi labari, ya ɗora masa "Da ɗumi-ɗumi" a sama. Uwa ta hana yara zuwa Islamiyya. Uba ya baro wurin aiki ya je ɗaukar yaran da ɗan kabu-kabun gidan ya shekara yana kaiwa yana dawowa da su lafiya. Washegari babu wanda ya dawo ya faɗi ko an sace yaro ko ba a sace ba.

Ba da labarin laifin da aka yi wa yaro wajibi ne a kan kafafen yaɗa labarai, kuma babu mai hankalin da zai ce a rufe shi. Matsalar tana ga yadda ake ba da shi. Salon da ya zama ruwan dare a yau yana cika zukatan iyaye da fargaba, amma ba ya nuna masu inda haɗarin yake da abin da za su yi a kai.

Tsoron yana da tushe

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Iyayen Arewa maso Yamma sun sha sara.

A ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. A ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a Zamfara. A ranar 17 ga Yunin wannan shekarar aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Kebbi, inda wasu ɗalibai mata suka kusa shekara biyu a hannun 'yan bindiga. A Sakkwato kanta, a daren 9 ga Maris, 2024, 'yan bindiga suka shiga ƙauyen Gidan Bakuso a Ƙaramar Hukumar Gada suka tafi da almajiran wata tsangaya, waɗanda 'yan sanda suka ce su 15 ne. A ranar 17 ga Nuwamba, 2025, aka sace 'yan mata 25 daga makarantarsu a Maga, Jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Duk waɗannan sun faru, kuma duk a jihohin da ke kewaye da mai zama a Sama Road. Wanda ya ce wa irin wannan uba ya kwantar da hankalinsa kawai, bai yi masa adalci ba. Abin da yake buƙata daga ɗan jarida shi ne bayanin da zai bambance masa hari a ƙauyen kan iyaka da haɗarin da ke bakin ƙofarsa, ya kuma bambance masa labarin da aka tabbatar da ji-ta-ji-ta.

Inda jarida ta yi rana

Akwai misalan da ke nuna abin da kafafen yaɗa labarai za su iya idan suka riƙe labari da gaske.

A ranar 4 ga Disamba, 2021, aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a Kano. A watan Janairun 2022 aka gano cewa an kashe ta, kuma wanda aka kama shi ne Abdulmalik Tanko, mai makarantar da take karatu. Gidajen rediyo, jaridu da masu amfani da shafukan sada zumunta ba su saki labarin ba. Sun bi shi zama bayan zama a kotu. A ranar 28 ga Yuli, 2022, Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Tanko da abokin aikata laifinsa Hashimu Isyaku hukuncin kisa. A ƙasar da shari'ar kisan kai kan shafe shekaru, an kammala wannan cikin kimanin wata shida da kama waɗanda ake tuhuma. Idon jama'a na daga cikin dalilan hakan.

Haka batun yaran Kano tara da 'yan sanda suka gano a Anaca ta Jihar Anambra a watan Oktoban 2019. Iyayen yaran da suka ɓace sun daɗe suna kuka ba a saurare su ba, har sai da labarin ya cika kafafen yaɗa labarai. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar bincike, sannan a watan Yulin 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne ɗaurin shekara 104 bayan ya amsa laifinsa.

Abin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne akwai suna, akwai rana, akwai wuri, akwai hukumar da za a tambaya, kuma an bi labarin har zuwa hukunci. Yawancin labaran laifukan da ake wa yara ba sa samun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana yayata ranar da aka kama wanda ake zargi, a nuna shi zaune a ƙasa a hedikwatar 'yan sanda, daga nan shiru. Mai karatu ya ga laifi sau ɗari, ya ga hukunci sau ɗaya, sai ya yanke cewa babu doka a ƙasa.

Adadin farko shi ke zama a kai

Gaggawar riga kowa buga labari na da farashi. Lokacin da aka kai hari makarantar Kuriga a Ƙaramar Hukumar Chikun ta Jihar Kaduna a ranar 7 ga Maris, 2024, adadin da ya zagaye duniya shi ne 287. Da aka sako yaran a ranar 24 ga Maris, gwamnatin jihar ta ce 137 ne aka sace, kuma su ne suka dawo. A Jangebe an fara da 317, aka ƙare da 279.

Yaro ɗaya ma ya isa a tayar da hankali a kansa, balle 137. Amma saɓanin adadi yana haifar da ɓarna iri biyu. Wasu za su yi ta tambayar ina sauran, su zargi hukuma da ɓoye gaskiya. Wasu kuma za su ce ashe dama ƙari ake yi, su daina yarda da labari na gaba ko da gaskiya ne. A rana ta farko babu wanda ya san adadi, domin wasu yaran sun tsere daji, wasu sun koma gidajensu, rajistar makaranta kuma sau da yawa ba ta cika ba. Aikin ɗan jarida a ranar shi ne ya faɗi wanda ya ba da adadin, ya bayyana cewa ba a tantance ba, sannan in gaskiya ta fito ya buga gyara da girman da ya buga labarin farko.

Wannan cuta ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka, a farkon shekarun 1980, an yi ta yayata cewa baƙi na sace yara kusan 50,000 a kowace shekara, har aka riƙa buga hotunan yaran da suka ɓace a jikin kwalin madara. A 1985 jaridar Denver Post ta bi diddigi ta gano cewa mafi yawan yaran guduwa suka yi daga gida, ko kuma ɗaya daga cikin iyayen da suka rabu ne ya ɗauke su. Aikin ya samo mata lambar yabo ta Pulitzer a 1986. Daga baya binciken Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ya ƙiyasta cewa irin satar da aka fi tsoro, wadda baƙo ko wanda ba a sani sosai ba zai ɗauke yaro ya yi nisa da shi, ko ya nemi fansa, ko ya kashe shi, ta kai kimanin 115 a shekarar 1999. Jarida ce ta hura wutar, jarida ce kuma ta auna ta.

An bar jaki ana dukan taiki

Babbar illar salon da ake bi yanzu ita ce yana karkatar da idon iyaye daga inda ya kamata su duba. Labarin da ke yaɗuwa shi ne na baƙo: mai baƙar mota, mace mai niƙabi da ba a san ta ba, mutumin da ba ya jin Hausa. Amma binciken ƙasa kan cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya nuna wani hoto dabam. Yara shida cikin goma sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Ɗaya cikin 'yan mata huɗu da ɗaya cikin yara maza goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata. Mafi yawan masu aikatawa mutane ne da yaran suka sani. Waɗanda suka samu taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Batun Hanifa ma abin da ya koyar ke nan. Wanda ya ɗauke ta mutum ne da ta sani, wanda iyayenta suka damƙa wa amanar karatunta. Da ɗan gari akan ci gari.

Gida mai katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi a Sama Road zai iya tsare yaro daga mai wucewa a titi. Ba zai tsare shi daga wanda ke da izinin shiga ba, ko ɗan uwa ne, ko maƙwabci, ko mai koyar da darasi, ko mai aiki. Faɗin haka ba kira ba ne ga a zargi kowa. Kira ne ga a koya wa yaro cewa jikinsa nasa ne, a saba masa da faɗa wa uwarsa abin da ya dame shi ba tare da tsoron duka ba, a kuma yarda da shi idan ya yi magana.

Irin wannan labari ba ya samun masu turawa, domin yana da nauyi kuma yana taɓa gida. Sau da yawa ma ba ya kaiwa ga 'yan sanda. Dattawa za su taru, a ce a rufa asiri, a yi sulhu, a bar wa Allah. Wanda ya yi laifin ya ci gaba da yawo a unguwa, yaron kuma ya girma da ciwonsa. Kafar da ke buga muryar mai baƙar mota sau goma a wata, ba ta taɓa yin rahoto ɗaya a kan wannan sulhun ba, ta bar babban aikinta.

Akwai kuma yaran da haɗari ya fi kusa da su amma labarinsu ya fi saurin mutuwa. Almajirin da ke kwana a shago, yarinyar da ke talla har bayan Isha'i, 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, yaran da rikici ya koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah suna bara a mahaɗar titunan birni. An sako almajiran Gidan Bakuso bayan kimanin mako biyu. Masu karatu nawa ne za su iya faɗin halin da suke ciki yau, ko sun koma karatu, ko an kama wani?

Abin da tsoro ke ci

Tsoron da ba shi da alƙibla yana da waɗanda yake cutarwa. Na farko makaranta. Bayan harin Ƙanƙara, Gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana da ke yankunan kan iyaka. A Nuwamban 2025, bayan Maga da harin makarantar Papiri a Jihar Neja, Gwamnatin Tarayya ta rufe makarantunta na haɗaka sama da 40, wasu jihohi ma suka rufe nasu. Inda barazana ta tabbata, rufewa na iya zama dole. Amma a jihar da ke cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, kowace ji-ta-ji-ta hujja ce ga uban da dama yake ɗari-ɗari da karatun 'yarsa. Yarinyar da aka cire daga aji saboda muryar WhatsApp ba lallai ta koma ba, ko da daga baya an gane ƙarya ce.

Na biyu rayukan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A Indiya, tsakanin 2017 da 2018, an kashe mutane da dama saboda ji-ta-ji-tar satar yara da ta yaɗu ta WhatsApp. Ɗaya daga cikin bidiyon da suka fi tayar da hankali an yanko shi ne daga wani tallan faɗakarwa da aka shirya a Pakistan, aka cire ƙarshensa. A ranar 1 ga Yuli, 2018, taron jama'a ya kashe mutum biyar a ƙauyen Rainpada. Wannan ne ya sa kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, matakin da ya faɗaɗa zuwa duk duniya a farkon 2019.

Ɗan Arewa bai buƙatar zuwa Indiya ya fahimci wannan. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta da ke hanyar komawa Kano, bayan an yi masu ihun masu garkuwa da mutane. Wanda ya yi kukan Uromi ya kamata ya fi kowa taka-tsantsan da ihun "ɓarawon yara" a kasuwar garinsu. Wanda irin wannan ihu ke faɗawa kansa kusan kullum mai rauni ne: baƙo, mai taɓin hankali, matar da ta ɓata hanya, mutumin da ya ɗauki yaron da ke kuka don ya nemi iyayensa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarci muminai da tantance labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin jahilci su dawo suna nadama. Kowane ɗalibin Islamiyya a Sakkwato ya san ta. Ta shafi maɓallin tura saƙo kamar yadda ta shafi baki.

Yaron da ke cikin hoton

Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba, ko yin hira da shi, a batutuwan lalata, laifuka da tsafi, ko shi aka cutar, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta kare sirrin yaro a shari'a.

Duk da haka, ana ganin bidiyon yarinyar da aka yi wa fyaɗe ana yi mata tambayoyi a gaban kyamara. Wasu su rufe mata ido, amma su faɗi sunan mahaifinta da layin gidansu da makarantarta. A gari irin Sakkwato da kowa ya san kowa, wannan daidai yake da faɗin sunanta. Intanet kuma ba ta mantuwa. Ranar da za a zo neman aurenta, bidiyon na nan. Iyayen da suka ga abin da ya sami 'yar maƙwabcinsu bayan sun kai ƙara za su zaɓi yin shiru, mai laifi ya ci riba.

Abin da ya kamata a yi

Ga gidajen jarida da rediyo da masu shafuka: kada a buga labarin satar yaro sai da wuri, da rana, da majiyar da za a iya komawa gare ta. A tuntuɓi kakakin rundunar 'yan sanda, a nemi iyaye ko mai unguwa. A binciki asalin bidiyo kafin a ɗora shi. Idan aka ga yaron da aka yi cigiya, a sanar, a kuma sauke hotonsa. Duk labarin da aka buɗe da kama wanda ake zargi, a bi shi zuwa kotu. Tashoshin da ake saurare a jihar, irin su Rima Radio, Vision FM da Garkuwa FM, za su yi babban aiki idan suka ware 'yan mintoci a kowane mako don bibiyar shari'o'in da suka shafi yara. Ƙungiyar 'Yan Jarida ta NUJ reshen Sakkwato kuma ta jawo masu manyan shafukan Facebook da TikTok cikin horonta, tunda su ne jaridar mutane da yawa a yau.

Kowane rahoto ya ƙare da inda za a nemi taimako. Akwai Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, wadda aka buɗe a 2020 don kula da waɗanda aka ci zarafinsu. Akwai ofishin shiyya na hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112.

Ga gwamnati: a watan Nuwamban 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a ta jihar. Ya rage ga gwamnatin Ahmed Aliyu ta nuna abin da dokokin suka haifar. Ma'aikatar Shari'a da rundunar 'yan sanda su riƙa fitar da alƙaluma duk wata uku: ƙorafi nawa aka karɓa, nawa suka je kotu, nawa aka yanke wa hukunci, a waɗanne ƙananan hukumomi. 'Yan sanda su riƙa ƙaryata ko tabbatar da ji-ta-ji-ta a ranar da ta ɓulla, da Hausa, a shafukan da jama'a ke dubawa. Inda hukuma ta yi shiru, mai muryar WhatsApp ne ke zama kakaki.

Ga makarantu: a san wanda ke ɗaukar kowane yaro, a tantance malamai da masu gadi kafin a ɗauke su aiki, a bar ƙofar ɗakin darasi a buɗe.

Ga iyaye da masu kula da zaurukan unguwa: kafin a tura saƙo a tambayi abu uku. A ina ya faru? Yaushe? Wa ya gani da idonsa? In babu amsa, a bar shi a nan. In akwai amsa, a fara kiran 'yan sanda da mai unguwa kafin a kai shi zaure. Lokacin da za a ɓata wajen tura muryar wanda ba a sani ba, gara a yi amfani da shi a zauna da yaro a tambaye shi yadda ya wuni, da wa ya haɗu, kuma ko akwai wanda ya ce masa kada ya faɗa wa kowa.